Hamsin ɗin da Ba Hamsin Ba

Shekara biyu na yi ina gaya wa mahaifiyata cewa ba gudu nake yi ba, tsoro ne kawai irin na tsofaffi. Motata ta farko ce, 'yar Kwatano, wadda ta sha yawonta a Amurka kafin ta zo hannuna. Ni kuwa mace ce mai bin ƙa'ida har ta ba mutane haushi. A wurin koyon tuƙi an ce mana cikin gari kada a wuce hamsin, don haka nake kafa allurar agogon gudu a kan hamsin cif, in riƙe sitiyari da hannu biyu, ina jin duk Jalingo babu direba mai hankalina.

Mama ba ta taɓa yarda ba. Duk ranar da na ɗauko ta daga gidanta a Nukkai zuwa asibiti saboda ciwon gwiwa, sai ta dafe ƙofa ta fara addu'a a bayyane.

"Motan nan yana tashi sama," in ji ta. "Rage, 'yata."

"Mama, hamsin ne. Ga shi nan ki duba."

"Ni ban iya karatun agogo ba. Amma ina ganin itatuwa."

Daga baya ta daina shiga motar gaba ɗaya. Ta gwammace keke napep ya yi ta jijjiga mata gwiwar. Abin ya ɓata mini rai, kuma a cikin ɓacin ran na yi abin da har yau nake jin kunyarsa: a wani taron gida na ce wa 'yan'uwana Mama ta fara ruɗewa, tana ganin gudu inda babu gudu. Yayanmu ya ɗauki maganar da zafi. Ya ce in haka ne ba za ta ci gaba da zama ita kaɗai ba, za a rufe gidan Nukkai, a sayar da awakinta, ta koma wurinsa. Mama ta ji labari. Daga nan gaisuwarmu ta gajarce.

Aka sa wata Asabar za a haɗu a Sunkani, a gidan kawunmu, a yanke magana. Babu mai kai ta sai ni, dole ta shiga. Muna gab da barin gari, daidai inda mata ke baza doya a bakin titi, wani jami'in kiyaye haɗurra ya ɗaga mini hannu. A ɗaya hannun yana riƙe da na'urar auna gudu, mai kama da abin busar da gashi.

"Madam, barka da safiya. Kin wuce ƙa'ida. Tamanin kike yi."

Ni da nake buga takardu a ofishin lauyoyi, kunnena ya sha maganar doka, bakina kuma ba ya jira a tambaye shi. Na ce ya nuna mini abin da na'urar ta rubuta. Na ce yaushe rabon da a gwada ta, wa ya koya masa riƙe ta, kuma ta yaya ya san motata ta kama ba tifar da ta wuce ni ba? Na jero su kamar mai karanta ƙara a kotu.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce haƙƙina ne in gani. Ya juyo mini da fuskar na'urar, ga tamanin ɓaro-ɓaro. Ya ciro takardar gwajinta daga cikin wata leda ya miƙo mini. Ya ce tifar kuwa ɗaya hannun ta bi, ni kaɗai ce a gabansa lokacin da ya auna.

"To na'urarka ƙarya take," na ce. "Allurata a kan hamsin take, Allah ne shaida."

Wani zai rubuta takarda ne ya sallame ni da masifata. Shi sai ya sunkuyo ta taga ya duba agogon, ya daɗe yana kallo.

"Madam, motan Amurka ne ko? Manyan lambobin nan mil ne. Duba ƙananan da ke ciki, su ne kilomita, su ne namu."

Na duba. A ƙarƙashin hamsin ɗina, da ɗan siririn rubutun da na ɗauka ado ne, ga tamanin a zaune. Na tuna ƙofar makarantar firamaren da nake wucewa kowace safiya, da 'yan keken da nake zagi a raina wai sun cika nawa. Ashe duk wannan lokacin ni ce abin tsoro a kan titi.

Mama ta leƙo daga kujerarta. "Ɗana, wannan abu naka ya ce tana gudu?"

"Tana gudu sosai, Mama."

"Useko," ta ce masa, godiyar Fulatanci da kowa ke yi a nan. "Allah ya yi maka albarka. Na ɗauka kaina ne ya lalace."

Maganar nan ta fi takardar tara zafi. Ban taɓa tunanin ita ma ta fara shakkar kanta ba.

Ya rubuta mini tarar, kuma ban roƙe shi ya yafe ba. Har gobe ina gode wa mutumin nan, ina kuma gode wa duk wanda ya tsara cewa direba yana da ikon ganin abin da aka auna. Na san halina. Da baki kawai ya faɗa, da na tafi ina cewa na goro yake nema, in isa Sunkani da tamanin ɗina, in zauna a yanke wa tsohuwa hukunci.

Muka kama hanya a hankali, idona a kan ƙananan lambobin. Babura suna wuce mu, ban damu ba. Mama ta saki ƙofar ta ɗora hannuwanta a cinya. Da muka yi nisa, na ce mata:

"Mama, ki yafe mini."

"Na yafe tun can," ta ce, tana kallon gonaki. "Amma gidana fa?"

"Zan kira Yaya gefe in yi masa bayani."

Sai a lokacin ta juyo ta dube ni.

"Ba gefe ba, 'yata. A gaban kowa kika ce na ruɗe."