Takardar Gwamnan da Hajiya Ta Sa wa Roba

Cikin abubuwan da na gani a zamana na Jidda, akwai ɗaya da ba zai taɓa fita raina ba. Lokacin ina tuƙa wani likita a unguwar Ruwais, jikan alhazan Kano, haihuwar Jidda. A Amurka ya yi karatu, ya dawo da wata irin jaraba ta tara tsofaffin takardu masu sa hannun gwamnonin yankunan Amurkan tun kafin su zama jihohi. Ni dai ban ga abin kallo ba, duk sun yi ja kamar an jiƙa su da shayi.

Akwai wata tsohuwa mai share gidan, Hajiya muke ce mata. Umara ta zo ta zauna, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, aikin nan ne cinta da shanta.

Likita ya yi tafiya ya manta ɗaya daga cikin takardun a kan tebur, gefenta ya soma ruɓewa. Mu kuwa a unguwarmu Kurayyat, ko katin asibiti mutum ya samu sai ya kai an liƙe masa shi cikin roba da injin zafi. Hajiya ta naɗe takardar a mayafi ta kai shago, ta dawo da ita tana sheƙi.

Da ya dawo, ita da kanta ta miƙa masa, tana murmushi.

"Ɗana, na gyara maka. Yanzu ko ruwa ba zai taɓa ta ba."

Ya daɗe yana juya ta a hannu. Daga baya na ji cewa robar ba ta ɓantaruwa sai da tawadar, ƙwararru kuma ba sa ƙara kallon irinta.

"Hajiya, wa ya ce ki taɓa?"

"Takarda mai hannun gwamna, a bar ta tsirara? Da ni ke da ita..."

"Halas, shi ke nan," in ji shi. Bai ɗaga murya ba.

Ƙarshen wata ya sallame ta, ni aka sa na kai ta gida. A mota ba ta yi kuka ba, sai tambayata take ko mai shagon ne bai liƙe da kyau ba. Na ji tausayinta ƙwarai.

Tun ranar, ko gyara zan yi wa kayan wani, sai na tambaye shi tukuna. Na ga wadda kyautatawa ta raba da abincinta, har ta sauka daga motar ba ta san laifinta ba.