Kukan Jakin da Ya Ƙi Zama a Fim Ɗinmu

Wallahi abin da zan ba ku labari ni ya faru da ni, wanda bai yarda ba kuma shi ya sani. Shekarun baya ina aiki a wani ƙaramin kamfanin fim, ni ne mai kyamara, ni ne mai tace hoto, sai muka je gonakin rani tsakanin Kura da Bunkure ɗaukar farkon wani fim na barkwancin 'yan sakandare. Ai kun san yadda ake buɗe irinsa, kiɗa ya tashi, kyamara ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ga ɗan masu kuɗi yana saukowa daga mota an rage gudun hoto, ga mai tabarau rungume da littattafai, ga 'yar gayu tana taunar cingam, kafin kowa ya buɗe baki ka riga ka yanke masa hukunci. Baƙauye ne kawai ya rage mana, ɗan wasan bai zo ba.

Can sai darakta ya hango wani dattijo a bakin kanal ɗin ban ruwa, wando a naɗe, ya sunkuya yana jan ruwa da bututu zuwa tumatirinsa. Ya ce, "Ɗauke shi kawai, ba sai ya sani ba, in ka zo tacewa ka ɗora masa kukan jaki." Ni fa ɗan Kura ne, haka mahaifina yake sunkuyawa, amma na ɗauka, kuma har yau kunyar abin tana cina.

Washegari da hantsi na zauna gaban kwamfuta, na ɗora kukan, na kunna. Babu jaki, babu kiɗa, sai ƙarar ruwa. Na sake, na sake, a karo na huɗu dattijon nan na cikin hoton ya miƙe ya juyo ya zuba mini ido, alhali na rantse da Allah bayansa kaɗai na ɗauka. Innalillahi!

Darakta ya ce kwamfutar ce ta lalace, in gyara ko in bar masa aikinsa. Na ce, "Oga, ba zan ɗora ba. Wanda ya noma tumatirin miyarka ba jaki ba ne." Na dire masa kyamararsa na fice, ban kuma taɓa yin nadama ba.

Na koma neman dattijon in roƙi gafara. Manoman wurin suka ce, "Malam, wane ruwa? Ranar ba layinmu ba ne, ba a sako mana ba, shi ya sa babu wanda ya fito gona." Sai a lokacin na tuna a cikin kanal ɗin na kafa ƙafar kyamara, ƙasa a bushe har ta tsage.

Ku masu ɗaukar bayin Allah da waya don a yi dariya, ku riƙa yin sallama tukuna. In ba a amsa ba, ku sauke.