Tambayar Bawa Mai Rijiya

Bawa mai rijiya ba ya wuce ruwa bai auna shi ba. Ko gulbi ne, ko tafki, ko kududdufin bayan gari, sai ya tsaya ya zura sandarsa, ya ciro, ya dubi inda danshi ya tsaya. Akwai wani tsagi da ya yi wa sandar da wuƙa, daidai ƙirjin mutum. In ruwan ya kai tsagin, sai ya gyaɗa kai. In bai kai ba, ya yi tsaki ya wuce. Baƙi sukan ce halin sana'a ne. Mu mutanen Kucheri ba mu gyara musu.

Bamaguje ne, haifaffen duwatsun Tsafe, gajere mai faɗin kafaɗa. Rijiyar da wani zai yi wata biyu a ciki, shi da daginsa kwana ashirin ya taɓa ruwa. A 1951 shi da matarsa Uwani suka fara zuwa 'yar majami'armu ta jinka, inda Malam Bitrus mai bishara yake koyarwa. Suka shiga ajin baftisma tare. Uwani ta riga shi iya karatu, tana yi masa dariya in ya juya littafi kai ƙasa. Ta ma zaɓi sunan da za a kira ta da shi ranar da ta fito daga ruwa: Rifkatu.

A ikilisiyarmu nutsar da mutum ake yi gaba ɗaya, ba yayyafi ba. Gulbinmu kuwa da rani yashi ne kawai. Saboda haka fasto yakan zo daga Gusau sau ɗaya a shekara, tsakiyar damina. Sun gama aji a farkon 1953, aka ce su jira ruwa. Da bazara sanƙarau ya shigo gari. Kwana huɗu Uwani ta yi.

A bakin kabari Malam Bitrus ya zo faɗin sunanta, ya ɗan tsaya. Sannan ya ce Uwani.

Damina ta yi kyau a shekarar. Mutum goma sha ɗaya suka shiga gulbi ana waƙa. Da aka kira Bawa, ya riga ya tuɓe riga yana riƙe da ita. Ya dubi ruwan, ya mai da rigarsa, ya kama hanyar gida.

Washegari Malam Bitrus ya same shi yana gyaran igiya a ƙofar gida.

"Bawa, jiya ka ba ni kunya gaban fasto. Tsoron ruwa kake, kai da ke kwana cikin rijiya?"

"Malam, tambaya gare ni. Wanga Yohanna da ke tsoma mutane cikin ruwa, shi wa ya tsoma shi?"

"Littafi bai faɗa ba."

"Amma ya shiga Mulkin Sama?"

"Annabi ne fa! Ya shiga mana. Ai na sha gaya muku, ba ruwa ke ceto ba, bangaskiya ce. Ruwa shaida ce kawai."

"To, in shaida ce kawai, mi ya sa ka biyo ni da sassafe haka?"

Malam Bitrus mutumin kirki ne, kuma ba ya ƙarya. Ya nemi wuri ya zauna. Bawa ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "In na shiga, ita ba ta shiga ba, ban san ko ƙofa ɗaya za a nuna mana ba. In Yohanna ya wuce ba ruwa, ita ma ta wuce. Sai na ji wannan tukuna."

Daga nan Bawa bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Da, ba ya karɓar aikin da ya fi tafiyar yini. Yanzu duk inda aka ce akwai mai karatun Littafi, can rijiya take kiransa. Ya shiga motar gyaɗa zuwa Gusau, ya haƙa wa wani akawun jirgin ƙasa rijiya a Sabon Gari. Maƙwabcin akawun shi ne katikis, wato mai koyar da addini, na cocin Roman, wani dattijon Ibo da ake kira Anozie, mai son hira. Yakan zo bakin ramin ya leƙa, suna magana, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

"Yohanna? Tun yana cikin uwarsa aka tsarkake shi," in ji Anozie. "Kuma kar ka manta an sare masa kai. Jininsa ma baftisma ne."

"Matata ba a sare mata kai ba. Ciwo ne."

"To, wanda ya mutu yana marmarin ruwan, Allah yana karɓar marmarin. Haka muke koyarwa. Amma ku mutanen gulbi kuna ba ni mamaki. Me kuke jira? Mu in mutum yana bakin mutuwa, kowa ma yana iya zuba masa. Kai kanka da ka iya. Moɗa ɗaya ta isa."

Na tabbata alheri Anozie ya nufa. Sai dai a ɗakin da Uwani ta kwanta akwai randa cike, kuma Bawa ne ya yi kwana huɗu yana ɗiba yana jiƙa mata goshi. Maganar marmari ta bi iska. Maganar moɗa ce ta biyo shi gida. Ya dawo ya rame.

Bayan kaka ya nufi Bungudu, wurin Baba Oyelami, Bayarabe mai sayar da atamfa, dattijon wata ikilisiya da su ma nutsarwa suke yi. Shi ba ya son a yi masa musu.

"An yi masa! Dole an yi masa!" Yana faɗa yana buga yadi a kan tebur. "Ka taɓa ganin mahaucin da bai san ɗanɗanon nama ba? Shi Yohanna da bakinsa ya ce wa Ubangiji yana bukatar a yi masa. Ubangiji zai ji haka ya bar shi a bushe? Bayan taro ya watse aka yi, ba a rubuta ba ne kawai."

"Kana wurin, Baba?"

"Kai, ɗan rami! Kai kana wurin da aka ce ba a yi ba?"

Suka yi dariya dukansu, Baba Oyelami ya sa aka kawo masa tuwo. Bawa ya ci loma uku ya wanke hannu.

Amsa uku ke nan, kuma ba wadda ta zauna da 'yar'uwarta. Ya yi ta yawo da su shekara biyu: Magami, Gusau, Tsafe, ya sake komawa Bungudu. A Nahuce ya yi wa wani Bafillace mai suna Ɗahiru rijiyar shanu, har suka saba. Wata rana da azahar Ɗahiru yana alwala, ya ce masa, "Bawa, kai dai ba ka da hutu. Annabi Yahaya, Yohannan nan naka, yana wurin Ubangijinsa, kai kana nan kana tuhumar wankansa. Matarka mutuniyar kirki ce?"

"Ƙwarai."

"To, ka bar wa Mai ita mana."

"Na bar mishi. Ni ne dai ban san inda zan tsaya ba."

A 1956 ya dawo Kucheri ya zauna. Ya je ya sami Malam Bitrus, ya ce zai gina rami a bayan majami'a, tsawon mutum a kwance, zurfin ƙirji, a shafe shi da siminti, a riƙa cika shi daga rijiya. Kada a ƙara ce wa kowa ya jira damina. Wani magini a Gusau ya ba shi ragowar siminti. Malam Bitrus ya yi murna har ya kama hannunsa.

"In an gama, kai ne na farko?"

"In an gama," in ji Bawa.

Na ce muku kwana ashirin yake taɓa ruwa. Ramin nan bai kai rabin rabin rijiya ba. Ya haƙa shi cikin mako guda, kowa ya gani. Daga nan sai aiki ya fara ciwo. Yau yashin bai yi masa ba, sai ya ɗebo na Tsafe. Gobe gefen gabas ya karkace, ya fasa ya sake. Damina ta zo ta zubar da bakin ramin, ya ce sai ƙasa ta bushe. Yara suka riƙa tsokanarsa, "Baba Bawa, yaushe za mu yi iyo?" Yakan ce, "Kun kusa." Ba wanda ya taɓa ganin ya yini bai je wurin ba, ba kuma wanda ya ga ya yi sauri. Malam Bitrus ya daina tambaya. Ina jin ya gane kafin mu.

A damina ta 1958 tari ya kama shi, irin na masu daɗewa a ƙarƙashin ƙasa. Da jiki ya yi nauyi, muka je da Malam Bitrus da hantsi. Fasto yana gari a makon, gulbi kuma ya cika har yana taɓa gonaki.

"Bawa, ga fasto, ga ruwa. Mu huɗu ne, za mu ɗauke ka a kan gado. Ba nisa."

Bawa ya juyo da kai wajen Malam Bitrus.

"Malam, ka samo wanda ya tsoma Yohanna?"

"Ban samo ba."

"To, bari in tashi. Saura gefe ɗaya."

Bai tashi ba. Muka binne shi kusa da ita, da sunan da uwarsa ta raɗa masa.

Ramin yana nan a bayan majami'a. Gefe uku sun sha siminti, sumul, ba ko tsaga. Na yamma ƙasa ce har yanzu. Matakala huɗu ya zana, ya gina biyu. Rabin buhun da ya rage ya sha danshi a gindin bango, ya zama dutse.