Hular Ango da Gungumen Roba

Shekarun baya, lokacin da zazzaɓin ƙere-ƙere ya kama ni, na yi odar firintar nan ta 3D, wadda ke narka zaren roba tana jera shi hawa-hawa har abu ya tashi a tsaye. Ni a zatona a haɗe za ta zo. Da na buɗe kwalin a ɗakina a Daura sai na ga ƙarafa da wayoyi da notuna a ƙuƙƙulle cikin leda kamar kayan miya. Na yi salati. Ban san sau nawa na kwance ta na sake ɗaurawa ba, domin duk abin da na ce ta fitar, taliya take zubo min. Ranar da ta fitar da ɗan marfin kwalba mai kyau kuwa, har maƙwabta sai da na kai wa suka gani.

Daga nan kaina ya fara girma. Na ga ta yi min gajarta, na je shagon wani Ibo mai kayan gyara na sayo dogayen sandunan ƙarfe na ƙara mata tsawo, na liƙa mata fankar tsohuwar kwamfuta, na haɗa ta da batirin sola saboda ɗauke wuta. Abin da ya rage min kawai in samu wanda zan burge.

Ana cikin haka bikin abokina ya matso. Shi wannan Allah ya yi masa kai, masha Allah, tun muna firamare muke tsokanarsa. Duk mai wankin hular da ya kai wa, gungumen itacen da ake ɗora hula a kai ta bushe ya yi masa ƙanƙanta, sai hula ta dawo a tsuke. Wadda zai sa ranar ɗaurin aure kuwa ba ta kasuwa ba ce. Mahaifiyarsa ce ta ɗinka masa da hannunta, kuma ita ce ta ƙarshe da ta ɗinka kafin idonta ya tafi gaba ɗaya.

Na ce, "Mutumina, bar min wannan. Gungume daidai kanka zan fitar maka."

Na auna kan da tef, na sa zaren roba ruwan ƙasa, firinta ta yini tana kai da komo. Da ya fito na goge shi sumul, na shafa masa mai, wallahi sai ka rantse itace ne. Cikinsa dai ba a cike yake ba, kamar saƙar zuma yake. Abokina ya kai wa mai wanki gungume da hula, kuma a cikinmu babu wanda ya tuna ya ce masa roba ce.

Da safiyar ɗaurin aure, motoci sun jeru za a tafi Mashi garin amarya, muka biya karɓar hula. Tun daga nesa na ji ƙauri. Muka tarar da mai wanki a tsaye hannu a ka, dutsen guga na gawayi a ƙasa.

"Alhaji, wane irin itace ne wannan? Ina ɗora dutsen guga kawai sai ya lotsa!"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Gefen gungumen ya rufta ciki, robar ta narke ta shiga cikin zaren ɗinkin, ta huce, ta riƙe gam. Na tsaya ina jiran abokina ya shaƙe ni, amma sai ya nemi wuƙa. Muka ɗora wuƙa a garwashi muka riƙa ƙwaƙule gungumen ta ciki, sai dai ɓawon da ya manne da hular ya ƙi fita. Hula ta sandare kamar kwano, ga tabon ƙuna a gefe guda.

Na cire tawa na miƙa masa, na ce ko kuma mu ruga kasuwa. Ya girgiza kai.

"Inna ta ce wannan zan sa." Ya juya tabon baya, ya kafa ta. "Kuma kada ka kuskura Inna ta ji."

Haka ya yini da ita cikin ranar Mashi, yana gaisawa da jama'a yana murmushi, ɓawon roba yana cin goshinsa.

Da muka dawo muka shiga gaishe da Inna. Ta ce, "Matso in ji hular." Ya durƙusa. Yatsunta suka riƙa bin ɗinkin a hankali, suka zaga baya, suka isa wurin ƙunar, suka tsaya. Can sai ta wuce, ta ce, "Ta zauna daidai. Allah ya yi albarka." Ya fita da sauri yana ajiyar zuciya. Na miƙe zan bi shi sai ta ce, "Kai mai inji, dakata."

Ta rage murya. "Tun kuna zaure na ji ƙaurin roba. Zaren nan ni na jera shi, babu inda ban sani ba. Amma kada ka gaya wa abokin naka na gane, ka ji? Yau ranarsa ce."

"To, Inna" kawai na iya cewa.

Firintar tana nan har yau ina aiki da ita, kuma duk wanda na miƙa wa abu sai na ce masa roba ce, ba ta shiri da wuta. Amma abin da ya fi tsaya min a rai ba na inji ba ne. Ban taɓa ganin mutum biyu suna ɓoye wa juna abu ɗaya saboda tausayin juna ba sai ranar nan, kuma ni aka bar wa ɗaukar nauyin duka biyun.

Sai bayan rasuwarta, da aka tashi daga zaman makoki, na gaya masa. Sai ya ce, "Shi ya sa washegari ta aiko min da man kaɗanya ta ce in shafa a goshi. Duk shekarun nan ban taɓa tambayar kaina yadda aka yi ta sani ba."

Ya rufe fuskarsa da hannun riga, ni ma ban iya riƙe nawa hawayen ba.