Ranar da Muka Kashe Fitilun Layinmu

Ranar ƙarshe da ɗana Auta ya yi a cikinmu ba ta bambanta da sauran ranaku ba. Da sassafe na ji ƙarar almakashinsa a bayan gida, yana yanko ganye. Ya ɗauraye shi a bokiti, ya baza ya sha iska, don ya ce jiƙaƙƙen ganye yana ɓata wa tsutsotsinsa ciki. Suna cikin wani keji na raga a baranda, koraye shar, kowacce ta kai babban yatsana kauri.

Mamansa ta leƙo daga kicin ta ce, "Auta, da ka kula da cikinka rabin yadda kake kula da nasu, da tuni ka yi tumbi."

"Mama, ki bar su su ci. In sun yi fiffike ba su da baki, abin da suka ci yanzu shi ne guzurinsu har mutuwa."

Da hantsi ya tafi aiki. Gyaran fitilun titi yake yi, shi da wani abokin aikinsa da ake kira Mai Tsani, direban motar da ke ɗaga shi sama. Da azahar ya kira matarsa, ba don ya tambayi abinci ba, sai don ya ji ko babbar tsutsar ta daina cin ganye. Ta ce ta daina, tana ta zagaye kejin. Ya ce, "To, ta kusa saƙa. Kar ki taɓa ta." Da la'asar ya dawo, bai ko cire takalmi ba ya tsuguna yana kallonta tana juya kai hagu da dama, tana naɗe kanta da zaren siliki. Da magariba ya ce kansa na ciwo, ya kishingiɗa a doguwar kujera. Bai tashi ba. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kansa. Shekarunsa talatin da ɗaya.

A wajen aiki ya fara haɗuwa da waɗannan halittu. Wata safiya ya tarar da wani malam-buɗe-littafi na dare a gindin fitila, faɗinsa ya cika tafin hannu, ruwan ƙasa-ƙasa, kowane fiffike da zane kamar ido. Ya kawo shi gida a cikin hular aikinsa. Mace ce, kuma kafin ta mutu ta zuba ƙwai a jikin kwali. Daga nan ya shiga neman irin ganyen da 'ya'yan za su ci, har ya dace da bishiyar bayan gidanmu. Ya ga ƙyanƙyasa, ya ga tsutsa tana tuɓe fata tana girma, ya ga saƙa, ya ga fitowa. Shi ya koya mana bambance su: namiji yana da gashin kai mai faɗi kamar gashin tsuntsu, da shi yake shinshino mace daga nesa, ita kuwa nata siriri ne, ga ƙaton ciki.

Abu ɗaya ne bai taɓa gani ba, kuma shi ya fi so: namiji na daji ya biyo ƙamshi ya zo ga macen da ya rena. Damina bayan damina mace takan fito, ya rataye ta a keji mai manyan ƙofofi, ta yi ta kira, bayan 'yan kwanaki ta mutu ta bar ƙwan da ba ya ƙyanƙyashewa. Ba don babu maza ba. Suna zuwa, amma haske yake ɗauke musu hankali, da safe ya tsince su a gindin fitilar ƙofar gidanmu, fiffike a yayyage. Fitilar kuwa shi ya kafa ta, lokacin da mutanen layi suka yi kukan duhu.

Na taɓa ce masa, "Ka kashe ta dare ɗaya mana."

Ya ce, "Baba, ni da hannuna? In aka ɗauke wa wani babur a daren nan, da wane ido zan kalli mutane?"

Ya ce wata rana zai roƙi maƙwabta. Kunya ta hana shi har ya tafi.

Tsutsotsin da ya bari sun saƙa gidajen siliki bakwai, masu kama da busasshen ganye a naɗe. Surukata, matarsa, ta ci gaba da kula da su yadda ta ga yana yi. Takan ɗaga ɗaya ta auna a hannu, in da nauyi da sauran rai. Biyu sun yi sakayau, muka cire su. Da ruwa ya sauka sai suka fara fitowa, huɗu a jere, duk maza, muka sake su. Saura ɗaya, na babbar tsutsar nan da ya tsuguna yana kallo.

Wata safiya da hantsi surukata ta kira ni da ƙaramar murya. Abin ya fito a jiƙe, fiffike a cukurkuɗe kamar tsumma, ya hau raga ya rataya. Muna kallo fiffiken ya riƙa buɗewa a hankali har ya miƙe.

Ta ce, "Baba, mace ce."

Ni ba mutum ba ne mai shiga gidajen mutane. Amma kwanakin macen nan ƙalilan ne, kuma babu wata bayanta. Na saka hula na fara daga kusurwa.

Mai kemis ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, wato in kashe fitilar shagona don a ɗaura wa ƙwaro aure?"

Na ce, "Haka ne."

Ya dube ni, ya dubi fitilar titi, ya ce, "Wadda Auta ya kafa mana ke nan. Allah ya jiƙansa. Da ƙarfe nawa ne bikin?"

Tela ya ce shi tsoron ɓarayi yake yi, amma zai kashe, sai dai zai fito da kujera ya zauna a ƙofar shagonsa. Wannan shawara ta bi layin, kowa ya ce zai yi haka. Saura babbar fitilar, wadda ba mu da iko da ita. Na kira Mai Tsani. Kafin faɗuwar rana sai ga motarsa. Ya sauko ya ɗaga kai yana girgiza shi.

"Baba, tun daga nesa na ga wannan fitila ba ta da lafiya. Sai an kwantar da ita kwana ɗaya."

Ya hau da kansa, yana mitar cewa shi direba ne, hawa aikin siririn nan Auta ne.

Da duhu ya fara shiga muka rataye kejin a reshe a ƙofar gida. Layin ya yi baƙi ƙirin yadda ban taɓa ganinsa ba, mutane zaune a kujeru suna hira ƙasa-ƙasa. Macen ta lanƙwasa ƙarshen cikinta, ta tsaya cik. Muka jira. Tela ya ce ango ya makara, ko an hana shi mota ne. Wasu suka fara hamma.

Maman Auta ce ta fara ji. Ta kama hannuna ta ce, "Malam, saurara."

Wani faf-faf ne mai laushi, sama da kanmu. Wani abu mai faɗi ya wuce, ya dawo, yana tafiya a karkace kamar mai bin sawu. Ya zagaya reshen, ya bugi ragar, ya kama. Kafin mu yi magana sai ga na biyu, sai na uku, har na daina ƙirga. Mai kemis ya miƙe tsaye yana ta cewa, "Ikon Allah! Ashe suna nan garin!" Na farkon ya bi ragar ya same ta ta cikin ƙofa, suka haɗu, suka yi shiru.

Mai Tsani ya cire hularsa ya ce, "Ka gani, Auta, ɗan banza? Da ka yi magana tun tuni." Sai ya juya ya tafi bayan motarsa, ya daɗe bai dawo ba.

Washegari ya mayar da fitilar. Macen ta zuba ƙwai a cikin jakar takarda da surukata ta saka ta, kuma bayan kamar mako biyu suka ƙyanƙyashe, baƙaƙe ƙanana kamar ɗigon tawada, sun fi ɗari.

Sai bayan haka muka iya buɗe ɗakin Auta. Tufafinsa mamansa ta raba wa 'yan'uwa, ta riƙe riga ɗaya. Akwatin kayan aikinsa da bel ɗin hawa na ba Mai Tsani. Takalman aikin ba su shigi kowa ba, muka bayar a wajen aikinsu. Tsutsotsin sun fi ƙarfin bishiya ɗaya, don haka muka zuba yawancinsu a kan irinta da ke bakin hanya. Tela ya roƙi goma, mai kemis ya karɓi biyar ya ce na jikokinsa ne. Kejin da ragowar suna wajen surukata. Almakashin yana wajena, ni nake yanko ganyen.