Ranar da Na Ci Kifi Ba Yaji

A unguwar Tandabawi ta Makka aka haife ni, aure ne ya kawo ni unguwar Utaibiyya. Girki sana'ata ce. Ranar Juma'a ina toya masa da miyar taushe, lokacin Hajji kuma a ɗauke ni aikin kicin a Arfa. A benen da muke haya, wata 'yar ƙasar Sin ta tare a saman ɗakinmu da mijinta, wanda yake karatun hadisi. Daga Kanton suke, can kudancin ƙasarsu, kuma ta ce mini tun kaka da kakanni su Musulmi ne. Da Larabci muke magana, nata na littafi, nawa na kasuwa.

Wata Juma'a na kai mata masa. Ta ci biyu a gabana don kunya, idonta yana hawaye saboda attarugu. Da ta sha ruwa ta huce sai ta ce, "'Yar'uwa, kin nuna mini naku. Ki ba ni yini ɗaya in zaga da ke, ki ga namu."

Na yi dariya, don ban taɓa zaton akwai nasu a Makka ba. Amma na yarda. Mun fita wata Asabar da hantsi, bayan alhazai sun watse gari ya sarara. Na saka ɗan kwalban yajina a jaka, kamar yadda nake yi duk inda zan je cin abincin da ba na gida ba.

Tasi ta sauke mu a Aziziyya, a bakin wani ƙaramin gidan abinci da na sha wucewa ban lura da shi ba. Muka shiga ɓangaren iyali. Kafin komai aka kawo butar shayi, ba madara ba sukari. Maƙwabciyata ta ɗauraye kofunanmu da shayin farko ta zubar a wani kwano, sannan ta zuba mana na sha. Da na ɗauki butar na ƙara mata, sai ta ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu. Na ɗauka wani abu take nema, ashe godiyarsu ke nan idan baki yana cike.

Aka kawo wani abu fari a kwano, kamar kunun shinkafa, sai dai na gishiri ne. An dafa shinkafar har ta narke, da zare-zaren naman kaza da ɗanyar citta da lawashi a kai. Na kai cokali ɗaya, na ji kamar abincin majinyaci. Na faɗa mata haka.

"Ai shi muke ba majinyaci," in ji ta. "Shi muke ba jariri da tsoho. Mahaifiyata kafin asuba take ɗora shi. Ki ci a hankali, ba ya magana da ƙarfi."

Na ci a hankali. Wajen rabin kwanon na fara jin zaƙin romon kazar da ɗumin cittar a maƙogwaro. Na cinye tas ban sani ba.

Daga nan muka nufi kasuwar kifi. A nan na ga wata mace daban da wadda na sani. Wannan mai sanyin muryar ta tsaya gaban mai kifi tana ɗaga kunnen kowane kifi tana duba jansa, ta danna jikinsa da yatsa, ta ƙura wa idonsa ido. Ta ƙi shida kafin ta ɗauki na bakwai. Mai kifin ya dube ni ya ce, "Hajiya, daga ina kika samo wannan?" Ita kuwa ta ce mini a garinsu kifin yana iyo a ruwa har lokacin da za ka nuna shi da yatsa, wannan ma haƙuri kawai ta yi.

Kifin ba gida muka kai shi ba. Muka hau wani tsohon bene, wurin wata dattijuwa 'yar garinsu da kowa ke kira Hala, wato inna. Tun tana amarya ta zo Hajji da mijinta suka zauna, shi ya rasu, 'ya'yanta sun zama 'yan nan. Mun same ta tana ƙulla wasu 'yan ƙananan dunƙule na fulawa, fatarsu siririya har ana hango jatan landen da ke ciki. Ta jera su a kwandon gora ta ɗora a kan tururi, kamar yadda muke turara dambu. A gefe wata tukunyar romo tana ta ɓararraka tun safe, da ƙashin saniya da busasshen ɓawon lemo da wasu jajayen 'ya'yan itace masu kama da magarya.

Kifin kuwa ba ta yi masa komai ba. Ta wanke, ta shimfiɗa masa citta, ta turara na ɗan lokaci kaɗan, ta watsa lawashi, ta kwara masa tafasasshen mai ya yi ƙara, ta ɗiga baƙin ruwan waken suya a gefe. Shi ke nan.

Da muka zauna aka yi bismilla, na zaro kwalban yajina. Hala ta ajiye tsinkayen cin abincinta ta dube ni.

"'Yata, mene ne wannan?"

"Yaji ne, Hala. Ba na iya cin kifi babu shi."

"Ba zan hana ki ba. Amma ki ci loma uku tukuna, don kifin nan bai yi laifin da za a rufe masa baki ba."

Ta ciro mini tsokar kumatunsa, wadda suke ba baƙo. Na ci. Naman yana rabuwa da kansa, ba ƙarni, sai wani ɗan zaƙi na ruwan teku. Duk kifin da na soya a rayuwata, ranar na fara sanin ɗanɗanonsa shi kaɗai. Bayan loma ukun na ci gaba haka, sai Hala ce ta ce in ɗan zuba mata yajin a gefen faranti. Ta lasa, ta yi tari, ta ce akwai gyaɗa a ciki. Na ce ƙuli-ƙuli ne, na yi mata bayanin yadda ake yi, ta saurara kamar za a yi mata jarrabawa.

Muna shan romon Hala ta tambaye ni ko na san ƙasarmu ta asali. Na ce sau biyu na je Kano, kuma a can 'yar Makka suke ce mini. Ta gyaɗa kai, ta ce jikokinta ba sa jin yarensu, amma duk Juma'a sai sun zo shan wannan romon. Na ce mata nawa 'ya'yan ma Hausarsu ta tsaya ne a sunan abinci. Da aka kira la'asar muka tashi alwala.

Bayan sati ɗaya na turara kifi a gida yadda na gani. Maigidana ya buɗe kwanon, ya duba, ya leƙa kicin, ya ce, "To, ina miyar?" Na ce babu. Ya ci rabi don kada raina ya ɓaci, sauran na hau da shi sama. Maƙwabciyata ta ɗanɗana ta ce na bar shi a wuta ya wuce kima, amma cittar ta yi daidai. Ta ɗauko tsinkaye ta miƙo mini, muka zauna a ƙasa muka cinye.