Mai Gonar da Ba a Nuna Ba

Innata ba ta iya kallon fim ɗin sarakunan dauri ta yi shiru. Bayan la'asar muke taruwa a rumfar maƙwabcinmu, a ƙauyenmu kusa da Managil a ƙasar Sudan, muna kallon 'ya'yan sarki biyu suna farautar juna a kan gadon ubansu. Wata rana mayaƙan ƙanen suka ratsa gonar dawa da ta isa yanka, zangarniya na zubewa ƙarƙashin kofato. Maza suka ɗau sowa. Inna ta miƙe.

"Ya jama'a, hawashar wa ta wagga? Ina mai ita?"

Maƙwabcin ya ce, "Hajja, zamna. Musalsal na, fim na kawai, ba gaskiya ba."

Ta zauna, amma har aka naɗa sarki tana jiran a nuna mai gonar. Ba a nuna shi ba. An dai nuna sarki yana kukan dokinsa.

Inna tana da dalili. Duk kaka, kafin a sa lauje, takan shiga hawasharmu, wato gonarmu, ta zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ta rataye saman murhu don hayaƙi ya kore ƙwari. Wata farar dawa ce da kakarta ta ƙullo daga yamma, babu irinta a kasuwa. In ta ƙare a hannunta, ta ƙare ke nan.

Sai yaƙi ya iso mana. Motocin masu bindiga suka bi ta cikin hawasharmu, suka fasa hanyar ruwa. Kullum rediyo na kiran sunayen manya, namu ko da wasa. Ranar gudu direba ya ce kowa ƙulli ɗaya. Inna ta zazzage tufafinta a ƙasa, ta ɗaure zangarniyarta.

Inda muka fake yunwa ta ci mu. Ƙanen babana ya roƙe ta a daka irin a dama kunu. Ta ce, "La wallahi. Ku ci ni, ba ku cin wanga." Da irin ta riƙa yin matashin kai. Na ji tausayin ƙanen babana, amma ina bayanta.

Da muka dawo, sawun taya na nan ya bushe a gonar. Ba ta jira a share ba, ta sa fartanya a cikinsa ta jefa iri. Ta ɗago, gumi na zuba, ta dube ni.

"In sun tashi yin fim ɗin wanga yaƙi, su hau da wanda suka so kan karaga. Amma ka gaya musu mai gonar ta dawo."